Alamun Da Famfon Sitiyari Ke Nunawa Kafin Ya Lalace

A ƙauyuka da yawa mota ɗaya ce ke yi wa kowa aiki. Ita ke kawo taki da iri daga gari a farkon damina, ita ke kai masara da doya kasuwa da kaka, ita kuma ake nema da tsakar dare idan haihuwa ta zo wa mace da gardama. Ko ta ƙungiyar manoma ce, ko ta ɗakin shan magani, ko ta mutum ɗaya, ranar da ta kwanta sai gari duka ya ji a jikinsa. Saboda haka bai kamata a bar wa direba shi kaɗai sanin lafiyarta ba. Shugaban ƙungiya da ma'ajin da ke fid da kuɗin gyara, su ma ya kamata su san abin da ke ƙarƙashin bonet gwargwadon hali.

A wannan fitowa za mu duba wani ɗan ƙarfe da bai fi dunƙulen hannu biyu girma ba, wato famfon sitiyari. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, da wuya wannan famfo ya mutu farat ɗaya. Yakan yi makonni, wani lokaci watanni, yana ba da alama. Sau da yawa kuma abin da ke damunsa ƙarami ne: mai ya ragu, ko bel ya saki, ko iska ta shiga tiyo. Wanda ya gane alamar da wuri, kuɗin kwalbar mai ko na bel zai kashe. Wanda ya yi kunnen uwar shegu da ita, zai sayi famfo, watakila har da sauran kayan sitiyarin, in ma bai gamu da haɗari a hanya ba.

Mene ne aikin famfon?

Tsofaffin direbobi da suka tuƙa Land Rover ta da, ko Peugeot 504 irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sun san yadda ake juya sitiyari da ƙarfin damtse, gama yawancin motocin nan ba su da abin da ke taimakon hannu. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Francis Davis ne ya gwada sitiyari mai aiki da ƙarfin mai a motarsa a 1926. A 1951 kamfanin Chrysler ya fara sayar da motar shiga mai irin wannan sitiyari. Daga nan abin ya bazu, har ya zama yawancin akori-kura da bas-bas da ƙananan motocin da ke bin hanyoyin ƙauye da shi suke aiki.

Ga yadda abin yake. Akwai ɗan tanki mai murfi a cikin bonet inda ake zuba man sitiyari. Daga tankin, tiyo yana kai mai ga famfo. Injin mota ne ke juya famfon, yawanci ta hanyar bel da ke zagaye da wani faifan ƙarfe da ake kira fuli, ko da yake a waɗansu injinan dizal haƙoran ƙarfe ne ke juya shi. A cikin famfon akwai dunƙulen ƙarfe mai tsaga-tsaga, kowace tsaga da ɗan fallen ƙarfe a ciki. Idan dunƙulen yana juyawa, fallayen suna kwasar mai suna matsa shi cikin wani tiyo mai kauri zuwa akwatin sitiyari, ko kuwa zuwa doguwar sandar nan mai haƙora da makanikai ke kira rak. Da direba ya karkata sitiyari dama, sai wani bawul ya buɗe wa man hanya ya tura ƙafafun gaba dama. In ya karkata hagu, haka. Man da ya gama aiki sai ya koma tanki ta wani tiyon.

Ƙarfin da famfon ke matsa man da shi ba kaɗan ba ne. A ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya, tayar ƙaramar mota takan ɗauki 30 zuwa 35. Famfon sitiyari kuwa yakan kai 1,000 ko fiye idan an murɗe sitiyari har ƙarshe. Man nan kuma aiki uku yake yi. Shi ke ɗaukar ƙarfin zuwa ƙafafu, shi ke hana ƙarafan cikin famfon cin junansu, shi ne kuma ke kwashe zafi. Idan mai karatu ya fahimci wannan, zai gane dalilin da ya sa famfon da ya rasa mai yake lalacewa cikin ɗan lokaci, kamar injin niƙa da aka bari yana aiki babu baƙin mai.

A fara tabbatar da irin sitiyarin

Ba kowace mota ce ke da irin wannan famfo ba. Tun 1988, lokacin da kamfanin Suzuki ya fito da ƙaramar mota mai sitiyarin lantarki, kamfanoni suka yi ta komawa ga wannan fasaha. Toyota Corolla ta 2009 da Camry ta 2012 irin na Amurka, da waɗanda suka biyo bayansu, sitiyarin lantarki gare su. Irin waɗannan ba su da famfo, ba su da tankin man sitiyari. In nasu ya samu matsala, wata fitila mai siffar sitiyari ce ke kamawa a gaban direba, gyaransa kuwa aikin mai lantarkin mota ne. Akwai kuma na tsaka-tsaki, kamar Peugeot 307, wadda ke da mai da famfo amma lantarki ke juya famfon maimakon bel. Saboda haka a buɗe bonet a nemi ɗan tanki mai hoton sitiyari ko rubutu a murfinsa. In yana nan, bayanin da ke biye ya shafi motarku.

Alama ta 1: kuka ko gurnani

Wannan ce alamar da ta fi zuwa da wuri. Direba zai ji wani kuka mai tsawo daga cikin bonet, kamar kukan injin niƙa daga nesa, ko gurnani idan yana murɗa sitiyari a hankali wajen ajiye mota ko yin ribas. Abin lura a nan shi ne kukan yana bin injin. In an taka totur ya ƙaru, in an ɗaga ƙafa ya ragu, in an murɗa sitiyari ya ƙara ƙarfi.

Dalilin da ya fi yawa shi ne mai ya ragu har famfon yana zuƙar iska tare da mai. Dalili na biyu, tiyon da ke kawo mai daga tanki ya tsufa ya tsage, ko abin da ke ɗaure bakinsa ya saki, iska tana shiga ta nan ko da mai bai zuba ba. Na uku, 'yar rariyar da ke gindin tankin a motoci da yawa ta toshe da dauɗa, mai ba ya sauka isasshe. Sai an kawar da waɗannan uku kafin a ce ƙarafan cikin famfon ne suka cinye.

Da sanyin hunturu, musamman a wurare masu tudu irin su Jos da Mambila, mai yakan yi kauri da asuba, famfo ya ɗan yi kuka na minti ɗaya ko biyu sa'an nan ya yi shiru. Wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne, amma a duba man. In kukan ya ƙi tsayawa bayan injin ya yi ɗumi, to, akwai magana.

Alama ta 2: ƙara mai tsini

Akwai wata ƙara dabam, siririya mai shiga kunne, wadda ake ji sa'ad da aka tada mota da safe, ko aka murɗe sitiyari har ƙarshe, ko bayan an ƙetare rafi. Wannan yawanci bel ne ke zamewa a kan fuli. Ko ya saki, ko ya tsufa ya yi santsi, ko mai ya ɗiga a kansa. A kashe injin, a cire makulli, a danna bel da babban yatsa a tsakanin fuli biyu. In ya lotsa da yawa, ya saki. A duba cikinsa kuma ko ya tsattsage ko yana ƙyalli.

Waɗansu direbobi sukan shafa wa bel sabulu ko su watsa masa ruwa don ya yi shiru. Ƙarar takan tsaya na ɗan lokaci, amma cutar tana nan. A ɗaure bel yadda ya kamata ko a sake sabo. Kada kuma a ɗaure shi tamau fiye da kima, gama wannan yana cinye boris ɗin famfon. In an sake bel, an ɗaure daidai, ƙarar ta dawo bayan kwana kaɗan, a sa makaniki ya duba ko famfon ne ya fara cijewa yana riƙe bel ɗin.

Alama ta 3: sitiyari ya yi nauyi

Motar da ke gudu a kan kwalta ba ta bukatar taimakon famfo sosai. Inda ake gane ƙarfinsa shi ne lokacin da mota ke tafiya a hankali ko tana tsaye, injin yana sulo. Famfon da ya gaji ba ya iya tara ƙarfi sa'ad da injin ke juyawa a hankali. Saboda haka ga gwaji mai sauƙi. A tsai da mota a wuri mai faɗi, a ja birkin hannu, a bar giya a firi, a murɗa sitiyari injin yana sulo. Sa'an nan a ɗan taka totur a sake murɗawa. In da fari ya yi nauyi, da aka taka totur ya yi sauƙi, kuma mai cike yake, bel a ɗaure, to, zargi ya faɗa kan famfo.

Nauyin nan yakan zo da kaɗan-kaɗan har direban da ke tuƙa motar kullum ya saba da shi bai sani ba. Yana da kyau wani direba dabam ya riƙa ɗana motar lokaci-lokaci. Baƙon hannu ya fi saurin ji.

Alama ta 4: sitiyari yana fizga

Wani lokaci sitiyari yakan yi sauƙi, ya cije, ya sake saki, duk a cikin kwana ɗaya. Ko kuwa direba ya ji yana rawa a hannunsa sa'ad da yake murɗawa a hankali. Ma'anarsa ita ce ƙarfin mai yana zuwa yana yankewa, ko don kumfa a cikin mai, ko bel mai zamewa, ko bawul ɗin cikin famfo yana maƙalewa saboda dauɗa. Wannan alama ta fi nauyin sitiyari haɗari. Direban da ya sa ƙarfi domin sitiyari ya cije, in ya saki masa ba zato, sai motar ta wuce inda ya nufa. A kan siririyar gada ko hanyar gefen dutse, kuskuren taku ɗaya ya isa. Motar da ke yin haka kada a ɗora mata fasinja sai an gyara.

Alama ta 5: mai yana raguwa

Man sitiyari ba ya ƙonewa kamar fetur. Zagayawa yake yi ya dawo. In ya ragu, lalle akwai inda yake fita. A shimfiɗa kwali ko farin buhu a ƙarƙashin gaban mota da dare, a duba da safe. Man sitiyari yawanci ja ne ko ruwan zuma, ya kuma fi baƙin mai tsinkewa.

Wuraren da za a duba su ne bayan fuli, inda wata roba da makanikai ke kira sil take tare mai, da bakin kowane tiyo, da jikin tiyon mai kauri, da robobin nan masu kama da zugazugi a gefe biyu na rak. In an matsa robar aka ji mai a ciki, rak ɗin ne ke yoyo, sake famfo ba zai warkar da shi ba. A wanke wurin da kyau a goge, a tuƙa motar kwana ɗaya, sa'an nan a duba inda ya fara jiƙewa, domin iska da ƙura sukan baza mai ko'ina har a rasa tushensa.

Gargaɗi biyu a nan. Kada a shafa tiyo da hannu ana neman yoyo injin yana aiki, gama man da ke fita ta ƙaramar huda da irin wannan ƙarfi yana iya huda fata ya shiga tsoka, raunin kuwa sai asibiti. Na biyu, man sitiyari yana kama wuta in ya fesu a kan ƙarfen salansa mai zafi kusa da injin. Tiyon da ke fesa mai ba abin da za a ce bari sai ranar kasuwa ba ne.

Alama ta 6: launin mai da warinsa

A kashe injin, a goge murfin tanki da tsumma mai tsabta kafin a buɗe, domin ƙurar hanyar burji kada ta faɗa ciki. Yawancin tankuna suna da layi a jiki ko ɗan sanda a murfi mai nuna iyakar sama da ta ƙasa, sau da yawa da awo biyu, ɗaya na lokacin da mai ke da sanyi, ɗaya na lokacin zafi. A ɗiga man a kan farar takarda a duba a rana.

In man garau yake, ja ko ruwan zuma, lafiya. In yana da kumfa, iska na shiga. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, watakila wajen ƙetare rafi ko wankin injin. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya sha zafi ya tsufa, sai a sake shi. In kuwa ana ganin ɗan ƙyalli-ƙyalli kamar garin ƙarfe, famfon ya fara cin kansa. Wannan garin ƙarfe yana bin mai zuwa rak ya lalata robobinsa, shi ya sa jinkiri a nan yake ninka kuɗin gyara.

Alama ta 7: fuli yana rawa

Injin yana sulo, a tsaya nesa kaɗan a dubi fulin famfon, a kula kada riga ko hannu su kusanci bel. In fulin yana layi maimakon ya juya sak, ko ana jin ƙarar gurzar ƙarfe, boris ya tafi. Irin wannan famfo yana iya cijewa kowane lokaci. A motoci da yawa bel guda ne ke juya famfon sitiyari da abin cajin batir da famfon ruwan lagireto. In famfon sitiyari ya cije ya tsinke bel ɗin, duka ukun sun tsaya, injin kuma zai yi zafi cikin 'yan mintoci.

Abubuwan da ke kama da ciwon famfo

An sha sayen famfo a banza saboda ba a bincika ba. Kafin ma'aji ya buɗe akwati, a duba waɗannan:

1. Iskar tayoyin gaba. Taya mai ƙarancin iska tana sa sitiyari nauyi. Wannan shi ne gwaji mafi araha, a fara da shi.

2. Lodi. Akori-kurar da aka ɗora wa buhuna fiye da ƙarfinta, har a kan rufin direba, tilas tuƙinta ya canja.

3. Gaɓoɓin ƙafar gaba. In robarsu ta yage, giris ya fita, laka ta shiga, sukan bushe su cije. Haka ma 'yar gaɓar da ke jikin sandar sitiyari a ƙasa, wadda ruwa da laka ke sa ta tsatsa.

4. Rak ko akwatin sitiyari. In nauyin gefe ɗaya ne kawai, misali dama da sauƙi hagu da wuya, ba famfo ba ne, domin famfo bai san dama da hagu ba.

5. Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas wajen shan kwana. Wannan daga shaf ɗin ƙafar gaba take zuwa a motocin da ke ja da gaba.

Akwai gwajin da ke raba gardama. A ɗaga gaban mota da jak har tayoyi biyu su bar ƙasa, a tokare da kyau, a sa duwatsu a tayoyin baya. Injin a kashe, makulli a buɗe, a murɗa sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In ya tafi sumul, ƙarafan lafiya suke, sai a koma ga mai da bel da famfo. In ya cije a wani wuri ko da babu nauyin mota a kansa, ciwon yana cikin gaɓoɓi ko rak. Makanikin da ke da agogon auna ƙarfin mai yana iya ɗaura shi a tiyo ya faɗi ƙarfin famfon daidai. In akwai irinsa a garin da ke kusa, kuɗin awon bai kai na famfon da za a saya bisa zato ba.

In abin ya faru a kan hanya

Idan famfo ya daina aiki mota tana tafiya, sitiyarin bai tsinke ba. Har yanzu yana haɗe da ƙafafu, nauyi ne kawai zai yi ƙwarai, musamman in gudu ya ragu. Direba ya riƙe da hannu biyu, ya rage gudu a hankali, kada ya taka birki da ƙarfi a tsakiyar kwana, ya nemi wuri ya tsaya. Sa'an nan ya buɗe bonet.

In bel ya tsinke, fitilar batir ta kama, allurar zafi tana hawa, kada a ci gaba, gama injin ne zai ƙone. In mai ne ya zube, a ƙara a lallaɓa zuwa gareji mafi kusa, ana tsayawa ana dubawa. Tafiya mai nisa da busasshen famfo tana kashe shi gaba ɗaya. Domin haka ya kamata kowace motar ƙauye ta riƙa yawo da lita 1 ta man sitiyari da safayar bel da sifanun da suka dace.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a bari, wato kashe injin a gangara don tsimin mai. Da injin ya mutu famfon sitiyari ya tsaya, abin da ke ƙara wa birki ƙarfi shi ma zai ƙare bayan taku ɗaya ko biyu. In kuma makulli ya koma baya sosai, sitiyarin yana iya kullewa. Ɗan man da aka tsimta bai kai ran mutum ɗaya ba.

Wane mai za a zuba?

A karanta abin da aka rubuta a murfin tanki ko a littafin motar. Motocin Toyota da yawa masu famfo suna amfani da jan man giyar otomatik irin wanda ake kira Dexron. Motocin Honda suna da nasu man na musamman, wani dabam yana sa su yoyo da kuka. Waɗansu motocin Turai kuma wani mai kore-kore suke sha. Kada a gauraya iri biyu don kawai duka sunansu man sitiyari.

Man birki kuwa kada ya kusanci wannan tanki ko kaɗan. Tankunan biyu sukan yi kama, suna kuma kusa da juna, yaran mota sukan ruɗe. Man birki yana lalata robobin sitiyari, man sitiyari kuma in ya shiga tankin birki yana kumbura robobin birki har birkin ya ƙi aiki. In kuskuren ya faru, kada a tada motar, a kira makaniki ya zuƙe ya wanke. Haka nan a guji man da ake aunawa a tsohuwar kwalba a bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba. A sayi mai hatimi a rufe. Araha ba ta ado.

In tilas a sake famfo

Idan bincike ya nuna famfon ne, ga abin da ƙungiya za ta nema daga makaniki. Ya zubar da tsohon mai duka, ya wanke tanki da rariyarsa da tiyoyi, domin garin ƙarfen tsohon famfo kada ya kashe sabon. Ya sake duk tiyon da ya taurare ko ya kumbura. Bayan ya ɗaura, ya fitar da iska: gaban mota a ɗage, injin a kashe, a murɗa sitiyari dama da hagu a hankali sau da yawa ana ƙara mai har kumfa ta daina fitowa, kana a tada injin a maimaita. Famfon da aka tada da iska a ciki yakan fara kuka tun ranar farko.

Mutane da yawa sukan sayi famfon da aka ciro daga wata mota, a kasuwanni irin su Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ba laifi, amma a je da tsohon domin a gwada, a juya fulin da hannu a ji ko yana tafiya sumul ba ya girgiza, a kuma yi yarjejeniya da mai kaya a kan kwanakin gwaji, a rubuce a rasit. Wani lokaci ma robobin famfon ne kawai suka gaji, ana iya sake su a bar famfon. A tambayi makaniki wannan kafin a yi ciniki. Bayan gyara a karɓi tsohon ƙarfen a kawo wa ƙungiya, domin kowa ya ga abin da aka kashe wa kuɗi, zargi kuma ya kau tsakanin direba da ma'aji.

Halayen da ke tsawaita ran famfo

Kada a murɗe sitiyari har ƙarshe a riƙe shi a nan fiye da sakan 5 zuwa 10. A wannan lokaci famfon yana matsa mai iyakar ƙarfinsa, man ba shi da wurin zuwa, zafi yana hawa da sauri. Da an ji ya kai ƙarshe, a ɗan sassauta.

Kada a yi ta kokawa da sitiyari mota tana tsaye da lodi, ko ƙafa ta nutse cikin laka ko ramin da manyan motoci suka haƙa. A bar motar ta ɗan motsa tukuna, ko a haƙe gefen tayar da shebur.

A duba man sitiyari sau ɗaya a mako, ranar da ake duba baƙin mai da ruwan lagireto da iskar taya. Da kaka, lokacin da mota ke aiki dare da rana, a duba kowace safiya.

A ajiye ɗan littafi a cikin mota. Duk ranar da aka ƙara mai, direba ya rubuta kwanan wata da yawan abin da ya zuba. In littafin ya nuna an ƙara sau biyu a wata guda, akwai yoyo, ko da ba a ga ɗigo a ƙasa ba. Shugabannin ƙungiya su riƙa duba littafin a taron wata, su kuma saurari direba in ya ce ya ji baƙuwar ƙara. Direban da ake yi wa faɗa duk lokacin da ya kawo maganar gyara zai koyi yin shiru, shirun nan kuwa shi ya fi tsada.

Muna roƙon wanda ya karanta wannan ya karanta wa direban garinsu, su buɗe bonet tare a wannan mako, su nemi ɗan tankin, su ɗiga man a farar takarda, su danna bel. Aikin bai fi minti 10 ba. Rigakafi ya fi magani.